Shirun da Mansur Ya Bari a Faifai

Labarin rasuwar ƙanena Mansur ya same ni ranar Alhamis da hantsi, ina tsaye a kantin maganin da nake aiki a unguwar Handsworth da ke Birmingham. Wata dattijuwa 'yar Zariya da ke karɓar maganin hawan jini a wurinmu ta miƙo takardar likita, ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya Bilkisu, har kin dawo aiki? Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Mansur." Na tambaye ta wane Mansur. A lokacin ya kwana uku a kabarinsa a Manchester. Zuciyarsa ce ta tsaya wata safiya yana ɗaura takalmi zai fita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa wanka, an sallace shi, dangi sun tsaya a kansa kowa ya ce ya yafe masa, kuma babu wanda ya kira ni. Ba mantuwa aka yi ba. Ni na ce kada a kira ni.

Na girme shi da shekara goma sha ɗaya. A Kano aka haife ni, shi kuma a Salford, bayan mahaifinmu ya samu aikin likita a can. Ni na goye shi, ni na koya masa Fatiha. Yana ɗan shekara tara ya fara kiɗa da cokulan Mama, amma a kan matashin kai yake bugawa, don kada ya tashi Baba da ya kwana a asibiti. Haka halinsa ya kasance har ƙarshe: ba ya barin abin da yake so, ba ya kuma yarda ya dami kowa da shi. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Idan na yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Maganar Yaya ba ta faɗuwa ƙasa." Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ladabi kawai.

Da ya bar jami'a ya zama mai ganga a wata ƙungiyar kiɗan rock mai tsananin ƙara, su huɗu, shi kaɗai ne baƙin fata. Ban so sana'ar ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, har yau ban so ta. Ba kuma zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yana da taurin kai, yana da riƙo, kuma salla takan kuɓuce masa idan suna kan hanya. Amma lokacin da Mama ta kwanta jinya a gidana, shi ne yake tuƙo mota daga Salford duk mako biyu, ya yanke mata farce, ya shafa mata mai a ƙafa, ya zauna yana buga mata yatsu a gefen gado har ta yi dariya. Ni ina ba ta magani a kan lokaci. Shi take tambaya. Na ga haka, kuma na ajiye shi a zuciya.

Ranar da Mama ta cika, yana yawon wasa da ƙungiyarsa a wani gari mai nisa, bai iso ba sai da aka kai ta. Wata biyu bayan haka yawon ya kawo su Birmingham. Suna naɗar faifai kai tsaye daga dandali, wasa ɗaya a Manchester, ɗaya a nan. Ya kira ni ya ce, "Yaya, ba na ce ki zo wasan ba. Ki zo da la'asar lokacin gwajin sauti, babu mutane, babu giya. Ki gan ni kawai. Na kawo Mimi." Mimi ita ce 'yarsa, tana da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma sunana ya sa mata, ake yi mata laƙabi da Mimi.

Na je. Zauren fayau yake, sai ma'aikata masu jan wayoyi da Mimi zaune a kujerar gaba. Na hau dandalin na same shi a tsakiyar gangunansa, ya miƙe yana murmushi. Ban san cewa ƙananan ƙarafan da ke kewaye da gangunan makirufo ne ba, ban san a buɗe suke ba, ban kuma san mai haɗa sauti yana naɗar komai tun daga gwaji ba. Na ce masa, "Baƙin cikinka ne ya kashe Mama. Kai ka kashe ta da wannan kiɗan. Ranar da ka mutu kada a kira ni, ba ni da abin da zan yafe maka." Sai na ji muryata ta dawo mini daga lasifikoki ta kowane bango, ta fi ƙarfin yadda na furta ta. Mimi tana jin Hausa. Na sauka na fita. Shekara huɗu ke nan, kuma ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar Alhamis ɗin nan na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na shiga tram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Salford. Matarsa Rukayya ta buɗe mini ƙofar gidansu, ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ba ni wuri. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Shi ya bar wasiyya, Yaya. Ya ce ke kika faɗa, kuma maganarki ba ta faɗuwa ƙasa."

Na ce, "Ya yafe mini?"

Ta ce, "Ban taɓa jin ya ce ya yafe ba, ban taɓa jin ya ce bai yafe ba. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba."

Mimi ce ta ɗauko faifan. Ta girma, ta yi tsayinsa, tana haɗa Hausa da Turancin Manchester. Ta ce, "Auntie, kin taɓa jin album ɗin? Of course ba ki ji ba. Zauna." Ta sa waƙa ta bakwai. Jita tana kuka, dubban mutane suna ihu, gangarsa tana tafe kamar ana rushe gini. A tsakiyar waƙar sai gangar ta tsaya. Sauran suka yi tuntuɓe, mai waƙa ya rasa inda zai sa baki, taron ya yi tsit na ɗan lokacin da mutum zai ja numfashi huɗu. Sannan Mansur ya dawo da kiɗan.

Rukayya ta bayyana mini yadda ake irin wannan aiki. Dalilin naɗar wasa biyu shi ne, idan waƙa ta lalace a gari ɗaya sai a ɗauko ta ɗaya garin a liƙa, mai saurare ba zai sani ba. Wadda na ji ta Birmingham ce, ta daren ranar da na yi masa maganar. Ta Manchester ta fita tsaf. Abokansa uku da mai haɗa sautin duk suka ce a sa ita. Mansur ya ce ko a bar ta Birmingham da kuskurenta, ko a cire sunansa. Ya ce musu, "Ni ba na gyara abin da ya riga ya faru." Masu sharhi sun yi masa ba'a a kan wannan tsayawa, wasu suka ce hannunsa ya mutu. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Sannan Mimi ta sa mini naɗin gwajin, wanda ba a fitar ba. Na ji takun takalmina, na ji kalmomina ɗaya bayan ɗaya, na ji ƙofa ta rufe. Na matsa kusa da lasifikar ina roƙon Allah in ji ya ce wani abu da zan riƙe. Abin da ya faɗa wa mai haɗa sauti da Turanci shi ne, "Kana naɗa? Kada ka goge." Sai ya buga sandunansa sau huɗu, suka ci gaba.

Na roƙi Mimi ta goge shi. Ta dube ni ta ce, "No, Auntie. A lasifika kika faɗa. Ki janye a inda mutane za su ji."

Shi ya sa na rubuta wannan. Ina shaida wa duk wanda ya san gidanmu, a Manchester da Birmingham da Kano, cewa Mansur bai kashe mahaifiyarmu ba. Ciwon ƙoda ne ajalinta, ni da nake ba ta magani na fi kowa sani, kuma da sunansa a bakinta ta cika. Na yi masa ƙazafi ne don ta fi son sa, na lulluɓe kishina da mayafin addini. Na yi shekara huɗu ina azumin nafila alhali na yanke zumunci, ban taɓa tambayar kaina ko ana karɓa ba. Ko biyayya ce ta sa ya cika maganata, ko ramuwa, ban sani ba, kuma wanda zai gaya mini yana ƙarƙashin ƙasa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Mansur, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa hidimar da ya yi wa mahaifiyarsa ta tsaya masa. Ka ba Rukayya haƙuri, Ka raya Mimi, kada Ka sa ta gaji halin mai sunanta. Na yafe masa, ko da yake babu abin yafewa. Tawa yafiyar kuwa tana hannunsa, sai ranar da za mu tsaya a gabanKa. Ka sassauta zuciyarsa a kaina a wannan rana. Amin.