Shekarar da Aka Hutar da Baba

An kawo ni gidan miji a wani ƙauye kusa da Dayi 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, a daidai shekarar da surukina ya sauka daga kan gandu. Baba muke ce masa duk gidan. Dogo ne, mai faɗa, ga kyauta har ta yi yawa. An ce ko mai tallar gishiri ne ya ratsa ta ƙofar gidan, ba ya wucewa hannu rabbana. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, sai ya tara 'ya'yansa bayan girbi, ya miƙa wa babban, wanda muke kira Yaya, gonaki da rumbuna da shanun noma. Daga ranar Yaya ne mai fitar da hatsi, shi ke biyan haraji, shi ke karɓar kuɗin auduga.

Yaya da maigidana suka yi abin da duk ɗan halak yake yi a wajenmu, suka hutar da ubansu. Hutarwa kuwa ba ta wasa ba. Suka ɓoye fartanyarsa, suka saya masa sabon buzu da buta, suka zaunar da shi a zaure. In ya ɗauki tsintsiya zai share ƙofar gida, sai ka ga Yaya ya taso a guje kamar gobara ta tashi. A lokacin babu abin kunya irin a ga tsohonka yana aiki kana raye, sai a ce ka kasa ci da shi. Mutanen gari suka yi ta sa musu albarka, su kuma suna jin daɗi.

Ni ce mai kai masa tuwo. Tsakanina da shi akwai kunyar surukuta, ba na kallon fuskarsa, ba na magana in ba gaisuwa ba, in ajiye akushi in juya. Amma ni ke wanke akushin, don haka na san abin da ke dawowa. Da fari tas yake cinyewa. Kafin damina ta kankama, rabi ke dawowa. Na zaci miyata ce, na ƙara daddawa, na ƙara man shanu, har Inna, uwar mijina, ta ce in daina ɓarnar kaya, matsalar ba daga tukunya take ba.

Abin ya fito fili ran da 'yar ƙanwarsa ta zo daga Malumfashi da yaranta. Da za su tafi, yaran suka jeru a gabansa, don sun saba. Ina bayan zana ina tankaɗe, ina hango shi ta wata kafa. Ya sa hannu a aljihu ya lalube, ya koma ɗayan, babu komai. Ya aika aka kira Yaya, ya ce masa a hankali ya ba shi 'yan kwabbai. Yaya bai yi niyyar hanawa ba, hannunsa ma yana aljihu, sai dai bakinsa ya riga shi.

"Na mi za a yi, Baba?"

"Bar shi," in ji Baba.

Yaya ya gane, ya raba wa yaran da hannunsa, su kuma suka yi masa godiya shi, ba kakansu ba. Ranar akushi ya dawo yadda na kai shi. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na yi kuka a madafa, da Inna ta tambaya na ce hayaƙi ne.

Wanda ya cece shi wani tsohon Bamaguje ne, amininsa tun suna kiwon awaki. Ya girmi Baba, haƙoransa sun zube, amma kullum yana tafe yana tufka, da ƙullin rama a hammata. Shi ba ya magana a hankali, don haka duk gidan muka ji shi.

"An ce mani ka mutu, ashe gaskiya ne! Yaushe za a kai ka?"

"Hutu nike yi, tsohon banza," in ji Baba.

"Hutu? Ni ma nawa sun so su yi mani haka. Na ce masu gandu na ba ku, ban ba ku hannuwana ba."

Ya jefa masa ramar a cinya, ya tambaye shi ko ya manta yadda ake yi. Baba bai manta ba. Ya naɗe wando, ya maƙale bakin ramar a babban ɗan yatsan ƙafa, suka yi ta tufka suna zagin juna har la'asar.

Ramar da ke gefen gona ba wanda ya damu da ita sai mu masu miya. Ni da Inna muka yanko ta, muka jiƙa a kududdufi har ta ruɓa, muka ɓare, muka wanke, muka shanya. Warinta kuwa sai wanda ya ji. Baba ya tufka igiyar guga, da ta ɗaure akuya, da dabaibayin jaki, da takunkumin shanun noma. Da lokacin auduga ya zo, kowa yana neman abin ɗaure kaya a kan jaki zuwa fuloti, inda ake awo. Sai ga Baba ranar kasuwa ya rataya igiyoyinsa a kafaɗa, ya dogara sanda, ya je bakin hanya ya zauna a gindin tsamiya.

Hankalin Yaya ya tashi. Ba ya iya hana ubansa, ba ya kuma iya jure a ce an ga Baba yana ciniki a bakin hanya. Sai ya yi wata dabara da har yau in na tuna sai na yi dariya. Ya riƙa tura abokansa da kuɗinsa, su saye igiyoyin kaf tun da hantsi, don tsohon ya dawo gida kafin kasuwa ta cika. Baba ya yi ta murna, yana gaya wa Inna cewa duk ƙasar nan babu mai tufka irin tasa. Ya ƙara himma, Yaya ya ƙara saye.

Asiri ya tonu ran da wata kaza ta ɓata. Baba yana nemanta, ya leƙa tsohon rumbun da aka daina zuba hatsi, ya iske shi maƙil da igiyoyinsa. Na zaci gidan zai kama da wuta. Amma ya zauna a gindin rumbun, ya aika a kira Yaya. Yaya ya zo ya durƙusa, shi ya ma fara magana.

"Baba, don Allah mi muka rage ka da shi?"

"Ba ku rage ni da komi ba. Ina ci, ina sha, Allah shi yi maku albarka. Amma ni tun ina yaro ban saba a tambaye ni na mi za a yi ba. Ka bar mani wanga ɗan abin, nawa ne."

Yaya ya sunkuyar da kai. Daga nan bai sake sa baki ba. Baba kuwa ya kwashe igiyoyin rumbun ya sake kai su kasuwa, ya ce ai wanda ya saya bai ce yana so ba. Wannan karon manoma na gaske suka saya, igiyoyin ba su ƙare da hantsi ba, wani lokaci ma ya dawo da saura. Amma yana dawowa da goro da ƙuli-ƙuli da labarin duk wanda ya wuce, kuma akushi ya koma dawowa tas.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mini wannan tun ina yarinya. Shi ya sa da tsufa ya zo mini, na karɓi duk abin da 'ya'yana suka ba ni da hannu biyu, amma ban yarda sun raba ni da 'yar sana'ata ba.

Da cikina na fari ya tsufa, aka shirya mayar da ni gidanmu goyon ciki. Da safe na zo wucewa ta zaure, na durƙusa na gaishe shi zan fita, sai na ji ya ce, "Dakata, ɗiyata." Bai taɓa tsayar da ni ba. Ya miƙe da ƙyar, ya zaga bayan zaure, ya jawo wata 'yar akuya ja mai ciki.

"Ki tafi da ita. Ba ta gandu ba ce, ba ta mijinki ba ce. Taki ce, ni na saya."

Ranar na fara ɗaga ido na dubi fuskarsa, na ce, "Na gode, Baba," hawaye na zuba. Ya ce in tashi rana tana yi, ya koma kan buzunsa ya jawo rama. Har na fita yana murmushi shi kaɗai, kamar shi aka yi wa kyautar.