Tafiyata Segedin wajen Hasan

Mun tashi da asuba daga Agadas a kamiyo, babbar motar kaya, zan je Segedin ganin Hasan, ɗan tagwaicina, mai cinikin dabino. Tun shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar Nijar ya tafi, kuma ban taɓa aika masa wasiƙa ba. A gidanmu an ce tagwaye ba sa buƙatarta: in ɗaya ya yi tuntuɓe, ɗayan zai ji a ƙafa. Ni kuwa ƙafata lafiya lau.

Hamadar Tenere dai sai wanda ya gani. Rairayi, rana, ruwan bido, wato jarka, mai warin mai, da busasshen cuku mai neman haƙori. Kusa da ni wani mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, da ya yi karatu a Faransa. Ya fito da baƙaƙen madubai biyu, ya haɗa su, ina hango rairayi ta ciki. Ya juya ɗaya, sai duhu ɗif! Na yi salati, na zaci idona ya tafi.

Ya yi dariya, ya ce a ƙasashen waje masana na gwaji da irinsu. Ana sa ƙwayoyin haske biyu su fito tare, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowace da madubi a gabanta. In madubai sun daidaita, tare suke wucewa ko tare su tsaya.

Na ce, «Ashe har haske na da tagwaye! To ta gabas tana ba ta yamma labari ke nan?»

Ya ce, «A'a, malam. Ba saƙon da ke bi ta nan. Kowane gefe ana rubuta abin da aka gani a kaye, wato littafin rubutu. Sai an haɗa kaye biyun ake sanin sun dace.»

Sai na tuna ni da Hasan ba mu taɓa haɗa namu kayen ba, na kasa shan shayin da aka miƙo mini.

A Segedin matar Hasan ta tarbe ni, ta kalli fuskata, ta fashe da kuka. Hasan ya rasu tun bazara. Innalillahi! Da bazarar nan ina Agadas ina cin naman suna, ko ciwon kai ban yi ba. Ta ce wata biyu yana kwance, ta roƙe shi a aiko mini, ya hana. Kullum cewa yake: «Bar shi, Usaini ya sani. Yana hanya.»

Na komo gida da buhun dabinonsa, har yau ban kwance bakinsa ba. Duk mai ɗan'uwa a nesa, ya rubuta masa yau. Ni na jira in ji a ƙafa, shi kuma yana kallon ƙofa.