Allon Kwamfutar da Na Ji Kunyar Mayarwa

Ina yi muku sallama, ku da masu karatunku. Ku sakaya sunana don Allah, domin mutanen da zan yi magana a kansu har gobe muna gaisawa.

Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a cikin garin Kazaure, sana'ata ɗaukar hoto. Na yi karatun kwamfuta kafin aure, kuma a wajenmu gidaje da yawa ba sa son namiji ya shigo tsakar gida ranar kamu ko wuni yana haska matan mutane, sai wannan ya zame mini hanyar abinci. A kira ni Roni, a kira ni Gwiwa, har Yankwashi na sha zuwa da kyamarata a jaka. In na dawo sai in gyara hotunan a laftof, in tsara kalandar biki da sitikar da ake liƙa wa robobin rabo, in tura wa wani mai bugawa a Kano. Ina da baki, kowa ya shaide ni da wannan. Mai kayan miya bai isa ya cusa mini ruɓaɓɓen tumatir ba, kwandasta bai isa ya matse ni a kujera in yi shiru ba. Amma ranar da ya kamata bakin nan ya yi aiki sai ya mutu, wata baiwar Allah kuma ta kwashi abin, ba ta ci nanin ba nanin ta ci ta.

Laftof ɗin ce ta suɓuce daga hannuna wata rana, gilashinta ya tsage ya koma baƙi ƙirin. Mai gyara ya ce injin lafiya lau yake, in nemi allon kwamfuta na tebur in riƙa jonawa, aikin hoto ma ya fi kyau a haka. Ana cikin wannan sai na ga talla a sitatus ɗin yayan maigidana, wanda yake sarin kayan lantarki daga Kano. Tallar ta ce allon inci ashirin da bakwai ne, an yi shi musamman don masu gyaran hoto, yana nuna launi na gaskiya, kuma ta duk inda ka kalle shi launin ba ya canzawa. Na sayar da tunkiyata, na ba maigidana kuɗin ya kai masa.

Sai kun san matsayin wannan bawan Allah a wajenmu za ku gane sauran labarin. Shi ya riƙe maigidana tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa karatu, shi ya je nema masa aurena. A wajena suruki ne. Ba na faɗin sunansa, Yaya nake ce masa, ba na cin abinci a gabansa, in zan gaishe shi sai na durƙusa. Kuma shi da kansa ya ɗauko allon ya kawo har ƙofar ɗakina, ya zauna a tabarma ya sha ruwa, ya sa mini albarka ya ce Allah ya sa in ci moriyarsa.

Yana fita na buɗe kwali. Allon ya yi mini ƙanƙanta a ido. Na ɗauko tef ɗin awo na ɗinki na gwada daga kusurwa zuwa kusurwa, inci ashirin da huɗu. Na sake gwadawa ko hannuna ne ya karkace, ashirin da huɗun dai. Da na kunna shi sai na ga haskensa dishi-dishi ko an ƙure shi, in na miƙe tsaye hoto ya ƙara duhu, in na karkata gefe ja ya koma ruwan ƙasa. Na juya bayansa na ga takardar bayanin an liƙa ta ne a kan wata. Na sa farce na ɗaga gefenta kaɗan, lambar da ke ƙasa daban da ta sama. Na yi maza na mayar na danne kamar ni ce na yi laifin.

Da maigidana ya dawo na zayyana masa komai, har tef ɗin na ba shi ya gwada da hannunsa. Ya gwada, ya ajiye, ya tambaye ni ko so nake ya je ya tsaya gaban Yaya ya ce masa ya cuce ni. Ya ce inci uku ba za su raba zumunci ba, allo dai yana kawo hoto, in yi haƙuri in bar kaza cikin gashinta. Ban haƙura a zuciya ba. Sau biyu ina yafa mayafi ina tafiya gidan Yaya da niyyar in raɗa wa matarsa, sau biyun ina ƙarewa da hirar yara da tsadar man gyaɗa, in dawo gida ina jin haushin kaina. In na wuce allon a ɗaki sai in ja tsaki. In zauna in tashi, in kunna in kashe, in sake leƙa bayansa kamar lambar za ta canza.

Aikin farko da ya zo mini bayan nan na wata malamar firamare ce a Gwiwa, za a kai ta Babura. Baƙa ce mai sheƙi, irin baƙin da ba ya buƙatar kwalliya, ga fara'a. Gwaggonta ce ta kira ni, na je na ɗauke ta ana saura kwanaki biki, an riga an yi mata ƙunshi. Hoton da suka zaɓa na kalanda shi ne wanda ta tallafe haɓarta da hannu. Kafin in tafi ta ja ni gefe ta ce, "Anti, don Allah ki bar ni yadda Allah ya yi ni, ba na son ƙarin nan da ake yi." Na yi dariya na ce mata ai ni ba na irin wannan aikin, ta kwantar da hankalinta.

Da na ɗora hoton a allon nan sai fuskarta ta fito duhu, idanu da haƙora kawai nake gani sosai. Na ce to hasken ɗakinsu ne bai isa ba. Na ƙara wa fuskar haske, na ƙara, na kuma ƙarawa, har sai da ta yi daidai da yarinyar da na gani da idona. Hannun ban taɓa shi ba, don lallen ya fi fitowa a haka. Da na tura hoton cikin wayata domin in aika Kano, sai na ga fuskar ta yi fari fat. Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba. Amma na ce wa kaina ai waya daman tana zuzuta haske, allon kuwa an yi shi ne don launi na gaskiya. Ku ji fa, tallar da na kama da ƙarya a kan girma ita na gaskata a kan launi. Dalilin bai wuce ɗaya ba: in na yarda allon ne ke da matsala, sai na koma gaban Yaya, ni kuma ba zan iya ba. Mai bugawa ma ya kira ni ya tambaya ko haka amaryar take, don shi a wajensa hasken ya yi yawa. A nan ne bakina ya tashi. Na ce masa ya buga abin da aka ba shi, ba shi zai koya mini aikina ba. Lokaci ya ƙure, sai na ce ya ba motar haya kayan ta wuce da su Gwiwa kai tsaye. Ko kalanda ɗaya ban riƙe a hannuna ba aka raba su.

Kwana huɗu da kai ta, amaryar ta kira ni. Da farko ban gane muryarta ba saboda kuka. Ta ce ranar da aka kai ta tana lulluɓe, matan dangin ango ba su ga fuskarta ba, kalanda suka gani: fuska fara sol, yatsu baƙaƙe a ƙarƙashin haɓa. Duk macen da ta san duniya ta san abin da ake cewa in an ga haka. Tun kafin a yi buɗar kai magana ta zaga cewa an kawo musu mai shafe-shafen bilicin. Da aka buɗe ta aka gan ta baƙa, maimakon magana ta mutu sai ta sake salo, wasu suka ce ta daina shafawa ne saboda biki fatar ta juye, wasu suka ce ita ta biya aka farar da ita don tana ƙyamar halittarta. Uwar mijin ta daina sakar mata fuska, ta ce wa ɗanta a bincika kayanta ko akwai mayukan. Mijin ya san gaskiya, amma ba ya iya musu da mahaifiyarsa. Yaran gidan har sun laƙaba mata suna, Ta-Kalanda. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi kawai in zo Babura in faɗa wa surukarta da bakina cewa ba ita ta sa ni ba.

Na ce mata ina nan zuwa jibi. Jibin nan sai da ta kai mako biyar. Yaya yana da shago da abokan ciniki a Babura, mahaifin angon ma sun san juna, na tabbata in na buɗe baki a gidan nan na ce allo ne, kafin la'asar magana ta kai kunnensa. Makonnin nan ban san inda na sa kaina ba. In ɗora tukunya in manta gishiri, in fara wanki in bar shi a ruwa. Amaryar ta kira wayata sau uku ina kallo har ta tsinke. An kira ni wani biki a Roni na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Ranar da gwaggonta ta aiko mini da saƙon murya, ba faɗa ba zagi, ta ce yarinyar ta rame ta daina fita ko tsakar gida in akwai baƙi, ranar na gaya wa maigidana gobe zan tafi Babura, da yardarsa nake so amma ba zan iya ƙara kwana da wannan abu ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na naɗe allon a zani, na rungume shi a cinya cikin motar haya har Babura, laftof da kyamara suna jaka. A ɗakin uwar mijin aka jona mini a wutar sola. Na nuna mata hoton asali a kyamara, yarinya baƙa lafiyayya, hannu da fuska launi ɗaya. Na ɗora shi a allon ta ga yadda ya dushe, na ƙara hasken a gabanta kamar yadda na yi a gida, na tura wayar 'yarta ta ga ya koma na kalanda. Na ce mata laifina ne daga farko har ƙarshe, yarinyar nan roƙona ma ta yi kada in taɓa ta. Dattijuwar ta sa aka kira amaryar, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. Sannan ta dube ni ta ce, "Ni na gani, 'yar nan, na kuma yarda. To kalandun da 'yan'uwana suka tsallaka da su Nijar fa, da waɗanda ke rataye a ɗakunan mutane a garin nan? Gida-gida za ki bi da wannan abin naki?" Na naɗe allona na yi musu sallama.

Daga can ban sauka ko'ina ba sai gidan Yaya, tun kafin wani ya riga ni. Na durƙusa na faɗa masa komai. Abin da ya biyo baya shi ya fi yi mini ciwo. Bai yi fushi ba ko kaɗan. Ya ce shi bai san kan waɗannan kaya ba, tallar ma dilan Kano ne ya turo masa ya ɗora yadda take, ko kwalin bai buɗe ba. Ya ce da a makon farko na yi magana da ya mayar an canza, don haka suke yi da mutumin, amma yanzu lokaci ya wuce. Ya tambaye ni, cikin sanyin murya, ko dodo ne shi da zan kasa gaya masa. Ashe duk tsoron da na kwashe watanni ina yi, babu kowa a bayansa sai ni.

Na sake buga wasu kalandun da hoton gaskiya na aika, amma wa ke sauke kalanda don an kawo wata bayan biki ya wuce? Surukarta ta riƙe ta da kyau tun daga ranar, wannan na gode wa Allah. Sunan Ta-Kalanda dai bai fita ba, har yau akwai masu kiranta da shi, wasunsu ma ba su san asalinsa ba. Kwanakin baya ta haihu, ta kira ni da kanta ta gaya mini, ta ce ta yafe mini tuni. Na yi murna har na ce zan zo in ɗauki jaririyar kyauta. Ta ce, "Anti, ki zo ki ci tuwon suna, amma ki bar kyamarar a gida. Ba na son hoto yanzu."

Wannan ne ya sa na rubuto muku. 'Yan'uwana masu sana'a, in kun sayi kayan aiki ku gwada shi a ranar, ku auna, ku duba bayansa, ku kwatanta da abin da aka tallata. In kun kama talla da ƙarya ɗaya, kada ku gaskata sauran don kawai gaskatawar ta fi muku sauƙi. In wanda ya fi ku kusa da aikin ya ce ku sake dubawa, ku sake dubawa. Kunyar manya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma ana iya durƙusawa a faɗi gaskiya cikin ladabi. Ni na zaɓi in yi shiru don kada fuskata ta ji kunya na minti biyar, sai wata ta biya da tata fuskar, kuma har yau ba ta gama biya ba. Allah ya yafe mini, ku ma ku sa ni a addu'a.