Tunkiyar da Ta Riƙa Zagaye Turke

A daminar da na haifi ɗana na biyu, muna zaune a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta, inda gonaki suka zo har jikin katangar gida. Da shuka ta fito, kowa sai ya ɗaure dabbobinsa a turke, a riƙa yanko musu ciyawa. Ina da wata farar tunkiya da mahaifiyata ta ba ni, ko zawo ba ta taɓa yi ba.

Wata rana da hantsi na kai mata dusa, na tarar igiya ta naɗe turken tam, wuyanta ya manne da icen. Na warware mata. Ban kai ƙofar ɗaki ba ta sake somawa, kai a karkace, tana zagayawa ta hagu a hankali, kamar mai bin wani abu da ni ba na gani. Ko kuka ba ta yi. Sauran tumakin suka ja can iyakar igiyoyinsu suka tsaya, har tuƙa suka daina.

Haka ta yi ta yi, har sawunta ya fitar da 'yar hanya kewaye da turken. In ta gaji sai ta jingina goshi da katanga, idanu a buɗe, ƙudaje na sauka a kansu ba ta ƙiftawa. Surukata ta tambayi inda aka yanko ciyawar. Da aka ce mata gindin tsamiyar bakin rafi ne, sai ta ɗebo garwashi ta yi wa tunkiyar hayaƙi. Ta kuma hana ni zuwa wajen tunkiyar da goyo.

Maigidana ya ɗauko malamin dabbobi a babur. Ya kalli tunkiyar na ɗan lokaci, sannan ya danna saman kanta da babban yatsa. Na ga wurin ya lotsa kamar ɗanyen duma.

"Malama, wannan ta wuce allura," ya ce mini. "A yanka ta tun da sauran nama a jikinta."

Ya ce tsutsa ce ta yi gida a ƙwaƙwalwarta, ƙwayayenta kuma daga kashin kare suke shiga ciyawa. Da mahauci ya fasa kan, sai ga wata 'yar jaka cike da ruwa garai, kamar ƙwan da bai yi ɓawo ba, da fararen ɗigo-ɗigo a jikinta kamar tsaki. Surukata ta leƙa, ta yi salati, ta koma ɗaki.

Malamin ya ce a binne kan da zurfi kada kare ya ci. Maigida ya haƙa rami a bakin gonar dawa, ya ɗora dutse.

Da la'asar na leƙa ta katanga, na ga wani jan kare zaune kusa da dutsen. Ba ya tono, ba ya haushi, gidanmu kawai yake kallo. Maigida ya jefe shi da hoge, karen ya miƙe ya shige cikin dawa ba tare da gaggawa ba. Mun tambayi maƙwabta, ba wanda ya san mai shi. Naman kuwa an raba, an yi miya, amma ni ban iya kai shi baki ba.