Dadda Lahsen, Mai Ɗora Dutse a Bakin Rami

Shekara ashirin da uku ke nan, da an idar da sallar asuba Dadda Lahsen zai tsoma gurasa a mai, ya kurɓi shayi, ya ɗauki sanda ya hau tudun bayan ƙauyenmu. Shi ne mai gadin itatuwan argan, waɗanda ake tatsar mai daga 'ya'yansu, da ƙungiyar kare daji ta dasa a can. Ina ƙarama, tarinsa ta bayan tagarmu ne yake tashe ni zuwa makaranta. Dashe bayan dashe yake bi, yana kankare ɓawo da farce. In ya ga kore, ya yi hamdala. In dashen ya bushe, ya ɗora dutse ɗaya a bakin ramin.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, a yi mini haƙuri. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ban ga wanda ya ɗauki alƙalami ba.

A lokacin da nake ƙarama, kowace shekara ƙungiyar tana buga rahoto cewa itatuwanta dubu goma sha biyu sun shanye duk hayaƙin da motocinta da tankar ruwanta suke fitarwa, wai ba ta ƙara wa duniya zafi ko kaɗan. Sai aka turo wata jami'a, Lalla Nezha, daga Rabat ta tantance. In adadin bai cika ba za a janye takardar shaidar da ƙungiyar ke samun kuɗi da ita, aikin gadi da na ban-ruwa su tsaya.

Bihi direban tanka ya ji abin da shugaban ofis, Si Mbarek, ya ce wa Dadda da safen zuwanta.

"Dadda, yau kai bebe ne. Nuna mata hanya kawai."

"To, Si Mbarek. Da ma kai takalmanka ba sa shiri da ƙasa."

Innata tana cikin mata masu ban-ruwa a kan tudun, a gabanta baƙuwar ta tsaya ta tambayi dalilin duwatsun. Dadda ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nuna wani rami da sanda.

"'Yata, wannan sau huɗu muka dasa shi. Fari ya ci ɗaya, awaki suka ci biyu, na huɗun ma ga shi a bushe. A takarda itace huɗu ne. Zo ki zauna a inuwar huɗun mu gani."

Ba ƙarya Si Mbarek ya shirya ba. Duk dashen da ya fito daga gandun reno yake rubutawa, bai taɓa hawa ya ga ramin ba. Kwana uku Dadda da baƙuwar suna ƙirge, suka sami dubu huɗu da ɗari uku masu rai.

Aka janye shaidar. Matan suka zauna a gida, shi ma aka ce ya zauna. A kasuwa ana yi masa shaguɓe: "Ga malamin lissafi nan!" Innata ma sai da ta yi wata biyu ba ta aika masa da kuskus ɗin Juma'a ba. Amma bai zauna ba. Kullum yana bisa tudu yana korar awaki, yana kai ruwa da jarka a bayan jakinsa.

Bayan shekara biyu shaidar ta dawo, matan suka koma aiki, da sabuwar doka: ba a ƙirga itace sai ya ga bazara uku da ransa.

Dadda, kai ne ka dubi idon maƙwabtanka, ka san abin da maganarka za ta jawo musu, ka kuma faɗe ta. Kai ne ka sha zagin, ka tsare abin da ya rage har aka dawo aka same shi da rai. Mun yi fushi da kai, ba mu kuma taɓa ba ka haƙuri ba. To, ga shi na rubuta: ka yafe mana, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya hutar da gwiwoyinka.

Ku kuma masu rubuta alkawari a ofis, kafin ku sa hannu, ku hau tudu ku gani da idonku.