Wankin Mota Ba Ɗauraye

A gidana ba a kife kwano sai an ɗauraye shi. Duk macen da aka kawo gidan nan, wannan take fara ji daga bakina tun kafin ta san inda turmi yake. Nakan ɗaga kwano in haska shi a rana, in shafa yatsa a gindinsa. In na ji santsin sabulu, sai ya koma inda ya fito. Matar babban ɗana ta fi kowa shan wannan, don ita ta fi daɗewa a hannuna, kuma ba mai mantuwa ba ce.

A wata bazara matar autana ta haifi ɗanta na biyu a nan ƙauyenmu, kusa da Pauwa. Shi autan direba ne, yana tuƙa wani Alhaji a Kaduna. Da ya nemi izinin zuwa suna, sai Alhajin ya miƙa mashi makullin baƙar motarsa, ya ce ya je da ita a fita kunyar surukai. Amma ya haɗa mashi da magana guda: yadda ta fita haka za ta dawo. Direban da ya gada, a kan ƙwarzane ɗaya a jikin ƙofa aka sallame shi. Auta ya faɗa mani wannan tun bai gama cire takalmi ba. Ga mata, ga 'ya'ya biyu, ga ni, duk a kan sitiyarin nan muke ci.

Muka buɗe mashi filin bayan ɗakin girki, inda muke ajiye amalanke, ya shigar da ita ƙarƙashin dalbejiya. Baƙa aka ce mani, amma ni ja na gani. Hanyar da ta biyo daga Kankara ta shafe ta da jar ƙasa har gilashi.

Ana gobe suna ya same ni a bakin rijiya. A irin wannan lokaci nan nake wuni a kan 'yar kujerata, domin ruwan ya yi ƙasa, guga sai ya daɗe yana tafiya kafin a ji ya taɓa, ya dawo rabi ruwa rabi laka. Ga wankan maijego safe da yamma, ga girkin taro, ga alwalar baƙi, ga kayan cikin rago da za a wanke. Duk wanda zai ɗebi ruwa sai ya faɗa mani abin da zai yi da shi.

Ya ce, "Inna, ruwa nake so in wanke mota."

Na ce, "Mota ce ta haihu?"

"Kaɗan nake so."

"Kaɗan ɗinku na birni na san shi. Rabin bokiti, shi ma don albarkacin jariri."

Na zaci zai yi magiya. Sai ya ce, "Ya isa, har ya yi saura." Wanda aka hana abu ya yi godiya da sauri, akwai abin da yake ɓoyewa. Na ɗauki kujerata na bi shi.

Ya buɗe bayan mota ya fiddo kaya kamar wanzami. Akwai wata gora mai ruwa shuɗi, da ɗan abin feshi irin na maganin ciyawa amma ƙarami, da tulin tawul masu laushi, wasu rawaya wasu toka-toka, a ninke cikin leda kamar kayan lefe. Sai wani faifan roba mai huda-huda kamar rariya. Ya tace ruwan da na ba shi da ƙyalle, ya sa faifan a gindin bokiti, ya auna shuɗin ruwan da murfin gora ya zuba. Na leƙa. Babu kumfa.

Na ce, "An cuce ka. Sabulun da ba ya kumfa ruwa ne aka rina."

Ya yi dariya ya ce in sa hannu. Na sa. Santsi kamar miyar kuɓewa.

"Santsin shi ne aikin, Inna. Yana naɗe ƙwayar ƙasa, sai ta zame ba ta ja fenti ba. Faifan nan kuma, duk yashin da ya sauka ƙasa ba ya tasowa."

Ya jiƙa tawul ɗin a ciki, ya cika abin feshin, ya fara daga rufin mota. Ya fesa, ya tsaya yana kallo.

Na ce, "Mi kake jira, ta amsa sallama?"

Ya ce sai ƙasar ta jiƙu tukuna. Sannan ya ɗauko tawul guda, ya ninke shi gida huɗu, ya ɗora, ya ja shi a hankali sau ɗaya, ba dannawa, ba zagayawa. Ya juya wani gefen, ya sake ja. Da gefunan suka ƙare sai ya jefa shi a wata leda, bai mayar da shi bokiti ba, ya ɗauko sabo. Ya bi wurin da busasshen tawul. Sai ga baƙi ya fito, har na ga ganyen dalbejiya a ciki.

Haka ya yi ta bi, daga sama zuwa ƙasa, ƙofa bayan ƙofa. Tawul ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na miƙa hannu zan kakkaɓe mashi, ya ce a'a, wannan ya gama aiki sai an wanke shi. Ya ce ba a yi a rana, ba a yi in ƙarfen ya yi zafi, kuma da taɓo ne ya daskare a jiki da sai an kai ta inda ake da tiyo. Abin da ya fi jaddadawa shi ne kada kowa ya goge ta a bushe, ko da gefen mayafi ne. Tayoyi kuwa ya ce su roba ce, ba ruwansu da lallashi, buroshi ake sa masu, zai yi su ranar tafiya.

Duk wannan ina gyaɗa kai, don na ga hankali a ciki. Ina jiran abu guda. Sai na ga ya fara ninke kaya.

Na ce, "To, ɗauraye fa?"

"An gama, Inna. Wannan ba a ɗauraye shi."

Na dube shi. Yaron da na goya, na yaye, ya tsaya a cikin gidana yana faɗin wannan magana da rana tsaka. Kafin in sami abin cewa, sai na ji murya daga tagar ɗakin girki. Matar babban ce, da ludayi a hannu.

"Ashe a gidan nan ana wanki ba ɗauraye," in ji ta, a hankali, kamar da tukunya take.

Na ce, "Miyarki na kamawa." Ba ta kamawa, amma ta koma.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna an yanka rago, na raba kaina biyu: ido ɗaya a rijiya, ɗaya a mota. Da hantsi matan Sabuwa suka iso, dangin maijego, sun yi sammako don su koma kafin la'asar, hanyar ba a yi mata yamma. A gabansu akwai yayar uwar maijego, wata Hajiya doguwa wadda labarin tsaftarta ya riga ta zuwa. An ce tana wanke tsintsiya bayan shara. Ni ban yarda ba sai da na gan ta.

A wajenmu baƙuwar suna ba ta zama ta naɗe hannu. Tana gama barka za ta ɗaura ɗamara ta nemi aiki, kuma ba a ce mata bari. In ka hana ta, ka ce ke nan ba ta cikin gida, kuma maganar za ta yi shekaru tana yawo tsakanin garuruwa biyu. Hajiya ta duba daka, an yi. Ta duba wanke-wanke, da mutane a kai. Ta zaga bayan ɗakin girki, ta ga mota, ta tsaya tana yabawa.

Matar babban tana wurin. Ta ce, "Ai jiya aka wanke ta, Hajiya. Da rabin bokiti. Ko ɗauraye ba a yi ba."

Ina bakin rijiya, amma kunnena ba ya tsufa. Na ji Hajiya ta ce, "Ba ɗauraye? Motar da za a mayar wa mai ita?" Ta rage murya. "Kada ku faɗa wa uwar gida, kunya za ta ji. Ku kawo mani toka."

Kafin gwiwoyina su kai ni, ta tuɓe mayafi, ta ɗaure zani a ƙugu, ta buɗe jakarta ta fiddo soso. Da sosonta take tafiya, na buhu, irin wanda ke cire baƙin gindin tukunya. Wata ta kawo toka a kasko, wata ta kawo garin sabulu. A daidai nan Auta ya shigo da kan rago a hannu zai miƙa wa mata. Ya ga soso, ya ga toka, ya ga wadda ke riƙe da su.

Suruki ba ya ɗaga ido ya dubi irin wannan uwa, balle ya ce mata kada ki. Ya ajiye kan rago, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ina kwana, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Allah ya raya. Je ka wajen baƙinka, yanzu za mu gyara maka ita."

"To, Hajiya. Na gode."

Godiya ya yi. Kansa a ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, aikinsa yana shirin tafiya a bakin soso, ya ce ya gode. Ta ƙasan ido ya nemo ni, irin kallon da yake yi mani yana ƙarami in za a yi mashi allura.

Na shiga tsakaninta da ƙofar mota. Hannunta ya riga ya ɗagu, tokar tana zuba.

Na ce, "Hajiya, sannu da aiki. Jikin an gama shi."

"An ce ba a ɗauraye ba."

Mata sun taru. Matar babban ta jingina da amalanke ta harɗe hannu, ta sami wurin kallo mai kyau. Ban taɓa jin magana ta yi mani nauyi a baki kamar wannan ba.

Na ce, "Wannan wankin ba ya son ɗauraye. A gabana aka yi, na sa hannu na duba. Ya fita."

Hajiya ta ce, "Ke da bakinki? Mu a Sabuwa labarin da muke ji, kina mayar da kwano sau uku."

"Kwano ci ake yi a ciki. Wa zai ci tuwo a kan wagga?"

Ba ta sauke soson ba. Mace ta ɗaura ɗamara a gaban jama'a, ba za ta kwance ta haka nan ba. Sai na sunkuya, na nuna mata ƙasa, na yi magana kamar ina tona asirin gida.

"Ga inda ya gagare shi. Dubi tayoyin nan. Yaran yanzu sun iya shafa da lallaɓawa, amma in aka zo wurin dirza, babu su. Ni gwiwa ta hana ni. Tun jiya nake tunanin wa zai fitar da mu."

Ta dubi tayoyin. Jajaye ne, har da kashin shanu a tsagunansu. Fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir.

"Wannan kam ƙazanta ce," in ji ta da jin daɗi.

Na ce ta cire awarwaronta kada toka ta ci su, na karɓa na ɗaure a bakin zanina, nesa da fenti. Na ce robar kawai, ƙarfen tsakiya na ɗan nan ne, a bar mashi ya koyi aiki. Ta nemi ruwa, don ita ba ta san rabin bokiti ba. Na rufe ido na sa aka kwaso na randar ɗakina, wanda na tace na ajiye don alwalata. Ta durƙusa ta kama dirza, ni kuma na ware babban tawul na tare jikin motar da shi kamar labule, muna zagayawa tare, taya bayan taya. Kowace ta ɗauraye ta har ruwan ya fito garau. Ina ji yana tsiyaya a ƙasa kamar daga jikina.

Auta yana durƙushe har lokacin. Na ce, "Tashi ka kai kan ragon nan, ƙuda ya taru." Ya tashi da ƙyar.

Ranar da zai koma, ya tsaya a wani gidan mai kafin ya shiga Kaduna, ya sake bin jikin da sauran shuɗin ruwansa, ya share ƙurar hanya daga tayoyin. Da yamma ya kira ni a wayar yayansa. Ya ce Alhaji ya zagaya motar, ya sa tabarau, ya sake zagayawa, ya haska ƙofofi da fitilar waya, bai sami komai ba. Sai ya tsaya ya sunkuya.

"Wa ya wanke tayoyin nan?"

Auta ya ce surukarsa ce.

Alhaji ya ce tun da ya sayi motar bai taɓa ganin su haka ba, kuma daga yau haka yake son su kowace Juma'a. Aiki dai ya tsira. Sai dai a gidan Alhaji da gas ake girki, babu mai toka. Har yanzu ni ke tankaɗe ta in ƙulla a leda, a ba motar Kankara ta kai mashi, da sabon soso in na samu.

Matar babban kuwa, tun ranar suna take jiran lokacinta. Sai da baƙi suka watse ta zo ta tsaya a gabana da kwanon miya a hannu, ta wanke shi, kumfa na ɗiga.

"Inna, wannan yana cikin masu son ɗauraye, ko a goge shi da tawul?"

Na karɓa, na haska shi a rana, na miƙa mata.

Na ce, "Koma da shi."