Amsar da Na Ba Matar Asibiti

Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Littafin da nake rubutu a ciki ya fi wata guda a ƙarƙashin matashina. In na buɗe shi sai in ce, wa ya aike ki tallar ciwonki, ke da karatunki bai wuce firamare ba? Sai in rufe. Yau na yarda ne don ina da tambaya, kuma na rasa wanda zan yi wa.

Ciwon daji gare ni, a nono ya fara. Daga ƙauyenmu da ke bayan Zurmi ƙanena ya kai ni babban asibiti a birni. Aka yi mini aiki, aka yi ta ƙara mini ruwan magani har gashin kaina ya zube. Bayan nan likita ya ce in riƙa zuwa yana duba ni.

Mu a gidanmu ba a cewa jiki ba daɗi. Innarmu har ranar da ta cika, in ka ce mata ya jiki, "da sauƙi" za ta ce. Ta koya mana cewa mai yawan koke kamar yana kai ƙarar Ubangijinsa ne wajen bayinsa. To wajen yankan gero bayana ya fara ciwo, irin wanda ke cin mutum daga ciki. Sau biyu ina zama gaban likita, ya ce, "Mama, ya jiki?" in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya rubuta, ya ce in dawo bayan wata uku.

Ranar da na koma, ko ruku'u ba na iyawa. Aka ɗauki hoto, aka ga ciwon ya shiga ƙashin baya. Likita ya tambaye ni yaushe bayan ya fara, na faɗa masa. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Mama, me ya hana ki faɗa tun a lokacin?"

Na ce, "Ai gaisuwa ka yi mini, ɗana."

Bai yi faɗa ba. Ya ce akwai injin da ake gasa ciwon da shi, amma masu jira suna da yawa. Ya sa sunana a layi, ya karɓi lambar wayata, ya ce za a kira.

A ƙauyenmu waya ba ta shiga sai an hau tudu, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba saboda mutanen daji. Shi ya sa na tare a Ƙaura Namoda, gidan ƙanena. Sun gyara mini ɗakin da suke ajiye buhunan dawa. Ba su rage ni da komai ba. Amma shi yana kasuwa, matarsa tana fama da aikin gida, ni kuwa ga ni ga waya. Na ɗinka mata 'yar jaka na rataya a wuya. Ko wanka zan shiga sai na ɗora ta a kan katanga. Wani lokaci in ce ko lamba ɗaya na faɗa ba daidai ba, sai in yi ta karanta ta a zuci.

Matar ƙanena takan leƙo ta ce, "Yaya, wayar ga ko jinjiri ba a goyonai haka. Aje ta ki ci tuwo, in ta yi kuka ni ka rarrashinta."

Sai in yi dariya don kada ta ji ba daɗi. Masu dubiya su zo, su ce ya jiki, in ba su amsar da suka zo ji, su yi addu'a su tafi. Ɗakin ya koma shiru.

Wata Talata bayan la'asar ina ɓarar gyaɗa, wayar ta yi ƙara. Muryar mace ce.

"Daga asibiti ne. Mama, ya jikin?"

Wallahi kafin in yi tunani bakina ya riga ni. "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"To madalla. Dama muna bin sunaye ne. Za mu sake kira."

Ta kashe. Na zauna da wayar a hannu, gyaɗa ta zube a tabarma, kaji suka zo suna ci, ban ko kore su ba.

Da ƙanena ya dawo na ba shi labari. Ya ce, "Mi kika ce mata?" Na faɗa. Ya dafe kai. "Haba Yaya! Kuma dai?" Ya kira lambar ya fi a ƙirga. Wani lokaci ta yi ta ringin ba a ɗauka, wani lokaci ba ta shiga. Ya ce mu hau mota mu je. Amma bayana ba zai ɗauki wannan tafiya a banza ba, kuma ina tsoron a ce, wa ya kira ki?

Yau kwana goma sha tara da wannan kiran. Ƙafata ta hagu ta fara yin nauyi. In gida ya yi shiru nakan juya ga bango in gwada faɗa a hankali: ba sauƙi, ciwon ƙaruwa yake. Ina gamawa sai in ji kamar na yi saɓo, in kama istigfari.

Don Allah, duk wanda ya taɓa zama a irin wannan layi, ko ya yi jinyar wani, ko yake aiki a irin wannan wuri, ya amsa mini ta inda ya karanta wannan. Wanda ya ce da sauƙi, mayar da sunansa baya ake yi? In haka ne, zama zan yi in jira kiran, ko in daure a ɗauke ni a kai ni in gyara maganata?